Yadda ake bin sawun kifi ko jatan lande da ya ɓuya a tankin ruwan gishiri

Wata Asabar da safe, ko karyawa ban yi ba, ɗan yayata da ke zaune a Hanwa ya kira ni murya na rawa. "Kawu, kifin nan ruwan ɗorawa da aka kawo mini shekaranjiya daga Legas ya ɓace. Na duba ko'ina." Na ce, "Ko'ina kamar ina?" Ya ce ai tuni ya kwashe rabin duwatsun tankin ya jera a baho. Da na isa na tarar ruwan ya yi fari kamar farau-farau, rassan murjani biyu sun karye, sauran kifayen sun cure a kusurwa guda suna haki. Wanda ake nema kuwa yana can kwance cikin yashi, inda irinsa ke kwana tun ran da aka halicce su. Sai a rana ta shida ya fito yana kiwonsa kamar ba shi ba. Murjanin da ya karye ne bai dawo ba.

Mu masu ajiye tankin ruwan teku a Zariya ba mu da yawa, kuma kowa ya san abin da ya kashe. Teku tana nesa da mu, tafiyar wuni guda cur a mota. Gishirin haɗa ruwan sai an yi oda, kifin kuma ya sha jirgi ya sha mota kafin ya iso Kwangila. To mutum ya wayi gari bai ga abin da ya zuba wa kuɗi ba, dole gabansa ya faɗi, hannu ya riga tunani shiga ruwa. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, a can cikin duwatsun murjani ƙaramin kifi abincin babba ne. Duk wanda ya rayu har aka kamo shi, ya rayu ne don bai taɓa nisa da rami ba. Ɓuya sana'arsa ce. Aikinka shi ne ka gano wace irin ɓuya ce wannan: ta ɗabi'a, ta baƙunta, ta tsoro, ta lalacewar ruwa, ta ciwo, ko kuwa rai ne ya yi halinsa. Ga yadda nake bi, kuma jerin yana da dalili, don na fara da abin da ba ya jira, na ajiye taɓa duwatsu a can ƙarshe.

Mataki na 1: duba ƙasa kafin ka duba ruwa

Kifin da ya yi tsalle ya faɗo yana da 'yan mintoci ne kawai, balle a lokacin hunturu da iska ke busar da wanki kafin ka juya. Ɗauki tocila ka haska bayan tanki, ƙarƙashin kabad, cikin wayoyin wuta, bayan labule, har taku uku ko huɗu daga tankin, don kifi yakan yi ta birgima. In akwai kyanwa a gidan, ka san inda zancen zai iya ƙarewa. In ka same shi jikinsa da sauran danshi, ka jiƙa hannunka ka ɗauke shi, ka riƙe shi a hankali cikin ruwan tankin kusa da inda ruwa ke kaɗawa. Wasu suna farfaɗowa.

Daga nan sai akwatin malala, wato inda ruwa ke gangarawa zuwa tankin ƙasa, ƙaramin tankin da ake tace ruwa a ƙarƙashin babban. Ƙananan kifi da jatan lande suna yawan tsallakawa ciki, su zauna kwana da kwanaki lafiya lau cikin duhu. Haska ciki, duba safar tace ruwa, duba tankin ƙasa ɗaki-ɗaki. Sannan ka kashe famfunan kaɗa ruwa ka duba bakinsu, ko ya tsotse wani ya manne. Wannan duka bai wuce minti goma ba.

Mataki na 2: san halin wanda kake nema

Rabin kiran da ake yi mini a nan yake ƙarewa. Mutum ya sayi kifi don launinsa, bai tambayi yadda yake kwana ba. Zan kawo sunayensu na kimiyya don da su dillalai ke rubuta jerin kaya.

Kifayen dangin Halichoeres, irin na ɗan yayata, cikin yashi suke kwana, kuma cikinsa suke nutsewa in sun firgita. Sabon zuwa yakan yi kwana uku, wani har mako guda ko fiye, bai leƙo ba. Wani lokaci ma yana fitowa, amma agogon jikinsa na kan lokacin ƙasar da aka kamo shi, sai ya fito da tsakar dare ya koma kafin ka tashi. A hankali yake daidaitawa. Kada ka tona yashi nemansa. In ka tono shi, wani wurin zai sake nutsewa, tsoronsa kuma ya ninku.

'Yan uwansu na dangin Cirrhilabrus su kuma cikin tsagar dutse suke shiga, su lulluɓe kansu da wata majina mai kama da jaka su kwana ciki. Duk wanda ya taɓa ganin an haƙo gaiwa daga busasshen taɓon fadama da rani, tana naɗe cikin yauƙin jikinta tana jiran damina, ba zai yi mamakin wannan ba. Bambancin kawai, gaiwa watanni take yi, wannan dare ɗaya. In da safe ka ga wani farin yauƙi na yawo a ruwa, shimfiɗarsa ce ya tashi ya bari.

Nemateleotris magnifica, mai farin gaba da jan wutsiya da dogon tsinke a gadon baya, shi ne sarkin tsoro. Inuwa ta gitta, ya shige rami kamar an harba kibiya, kuma shi ne kan gaba wajen tsalle waje. Gramma loreto na tekun Karebiyan, mai rabi shunayya rabi ɗorawa, a kogo yake zama, sau da yawa a kife, cikinsa na kallon rufin dutse. Ba ciwo ba ne, haka yake. Shuɗin nan Paracanthurus hepatus yakan cusa kansa cikin tsaga ya kwanta a gefe guda kamar gawa, har ka fara salati, sai ka ga ya zame ya fito. Opistognathus aurifrons rijiya yake haƙa wa kansa, ya gina bakinta da tsakuwa, da magariba ya jawo ɗan dutse ko katantanwa ya rufe ƙofa. Shi kuwa Pterapogon kauderni, na tsibiran Banggai a Indunisiya, namijin ne ke ɗaukar ƙwai a baki kusan wata guda ba ya cin komai. In ka ga ya koma lungu, haɓarsa ta kumbura, yana ƙin abinci, goyo yake yi.

Akwai kuma ƙaramin kifin da ake kira gobi mai gadi, Cryptocentrus cinctus, da abokin zamansa jatan lande mai bindiga na dangin Alpheus. Jatan landen ba ya gani sosai, shi ke haƙa rami yana kwashe yashi, gobin na tsaye a ƙofa yana gadi. Kullum gashin bakin jatan landen na taɓe da jikin gobin, da gobin ya kaɗa wutsiya sai su faɗa ciki tare. Waɗannan biyun sukan toshe ƙofa su buɗe wata a bayan dutse inda ba ka gani. Alamar suna nan ita ce sabon tarin yashi da safe, kamar na gyare, da kuma ƙarar "ƙas" da dare. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan suka nuna cewa ƙarar ba daga haɗuwar yatsun hannun take fitowa ba, daga fashewar wani kumfa ne da saurin rufe hannun ke haifarwa a ruwa.

Mataki na 3: ƙirga kwanakinsa a gidan

Sabon kifi amarya ne. Ba a kai amarya yau a ce gobe ta fito tsakar gida tana raha da dangin miji. Kwana uku zuwa bakwai na ɓuya ba abin damuwa ba ne in ruwa lafiya. A kwanakin nan ka rage hasken fitilar tanki, ranar farko ma ka kashe ta gaba ɗaya. Ka hana yara ƙwanƙwasa gilashi. In tankin a falo yake inda ake yawan shige da fice, ka rufe gefe ɗaya ko biyu da kwali. Kai ma ka daina manna fuska a gilashi kowane minti biyar. Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma wannan kifin koma ce ta raba shi da gida.

Akasin haka shi ne abin tsoro: kifin da ya yi watanni yana yawo a fili, yana zuwa gaban gilashi in ya ga ka ɗauko abinci, yau kwatsam ya shige dutse. Ruwa ba ya tsami banza. In kuma ba shi kaɗai ba ne, duk tankin ne ya yi tsit, bar komai ka tafi mataki na gaba yanzu.

Mataki na 4: auna ruwa, kuma ka tuna a Zariya kake

Ido ba ya gane lafiyar ruwan gishiri. Ruwa na iya zama garau yana kisa. Ga abin da ake so a tankin murjani: nauyin gishiri 1.025 zuwa 1.026 a rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, wato giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa. Zafi digiri 24 zuwa 26. pH, ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4, ammoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi da ruɓar abinci, sifili, naitirait da ammoniyar ke rikiɗewa ta zama shi ma sifili, naitiret da ke biyo bayansa kaɗan, alkaliniti, ƙarfin ruwa na hana tsami, 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH. Ka fara da zafi da gishiri da ammoniya, su ne ke saurin yin ɓarna. Ka rubuta abin da ka samu a littafi da kwanan wata, don sau da yawa saurin canjin ne ke dukan kifi fiye da lambar kanta.

Kowane lokaci na shekara da irin tarkonsa a garin nan. Da hunturu iska ta bushe, ruwan tanki na tashi sama da sauri, gishiri kuma ba ya bin tururi, yana nan. Kwana biyu ka manta ba ka cika ba, gishirin ya haura. Jatan lande ne ke fara nunawa, don ba ya jure canjin gishiri kamar yadda kifi ke jurewa. Da ruwan daɗi ake cikawa, wanda aka tace da na'urar RO mai cire gishiri da datti daga ruwa, kaɗan-kaɗan kullum, ba a bari ya taru a kwara bokiti guda lokaci ɗaya. Kada ka cika da ruwan gishiri, kada kuma ka cika da ruwan rijiya ko na burtsatse kai tsaye. A daren Disamba da Janairu sanyin waje yakan sauka ƙasa da digiri 15, in babu hita ko an ɗauke wuta, da asuba za ka tarar kifi sun lafe cikin dutse ba sa motsi.

Da bazara kuma, Maris zuwa Afrilu, ɗaki mai rufin kwano kan mayar da tanki tukunya. Ruwa ya haura digiri 29 ko 30, iskar da ke narke a cikinsa ta ragu, kifi na buƙatarta fiye da da. Ɗora ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, za ta sauke zafin da digiri ɗaya ko biyu, sai dai za ka ƙara yawan cikawa. In abin ya yi tsanani, saka gorar ruwa mai ƙanƙara a rufe cikin tankin ƙasa. Kada ka jefa ƙanƙarar kanta.

Sai maganar wuta. Da famfo ya tsaya, iskar cikin ruwa ta fara ƙarewa, cikin 'yan sa'o'i a tanki mai kifi da yawa. Wanda zai ajiye tankin teku a nan ba tare da inbata ko sola ba, ko aƙalla ɗan famfon iska mai batir, ni dai shawarata ya tsaya a tarwaɗa. In dare ya yi ba wuta ba batir, ɗebi ruwan tankin da jug kana zubawa daga sama yana kumfa, kowane minti goma sha biyar. Kuma ka lura da abin da ke faruwa in an dawo da wuta ƙarfe biyun dare: fitilar tanki ta kunnu da cikakken haskenta a kan kifin da ke barci, su watse, wani ya daki gilashi, wani ya yi waje. Sa fitilar a kan na'urar lokaci mai riƙe saitinta.

Abu na ƙarshe a nan, wanda ya fi cin jatan lande a gidajenmu: maganin sauro. Na feshi, da na ƙonawa, da fiya-fiya. Jatan lande ɗan uwan ƙwaro ne a halitta, abin da ke kashe sauro na kashe shi, ɗan kaɗan ya isa. Na'urar kumfa mai cire dattin ruwa kuma iskar ɗakin take zuƙa ta cusa cikin ruwa. Ka tambayi mutanen gida a hankali, ba da faɗa ba: jiya an yi feshi? An goge gilashi da maganin goge-goge? Wani ya sa hannu mai man shafawa ko sabulu? Ni a gidana har turaren wuta an san ba a kawo kaskonsa kusa da tanki. In an yi feshi, canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan nan take, saka sabon gawayin tace ruwa, buɗe tagogi, gobe ka sake canzawa.

In kuwa ka sa hannu a ruwa ka ji tsir, musamman inda kake da ƙujewa, wuta ce ke yoyo daga hita ko famfo. Cire hannunka, kashe komai daga soket, ka nemo mai laifin da mitar auna wuta, ba da yatsa ba.

Mataki na 5: zauna nesa ka ga wa ke korar wa

Awo ya fito lafiya? To jawo kujera ka zauna taku huɗu ko biyar daga tankin, fitilar ɗaki a kashe, ta tanki a kunne, ka yi rabin awa ba motsi. Ko ka jingina waya tana ɗaukar bidiyo ka fita. Muddin kana tsaye a gaban gilashi kowa abinci yake jira, ba za ka ga halin kowa ba.

Abin da za ka gani sau da yawa kishi ne. Ƙananan shuɗɗan nan masu araha da ake fara saye, dangin damsel, da dangin Pseudochromis, da mai zane shida Pseudocheilinus hexataenia, in suka riga kowa zama sai su ɗauki tankin duka ɗakinsu ne. Alamun wanda ake cin zalinsa: fiffike a yage, ya takure a saman kusurwa bayan famfo, ya leƙo ya ɗauki loma ɗaya ya koma da gudu. Kifin da ya bar dutse ya koma ɓuya a sama, an hana shi ramukan ƙasa ne.

Magani daki-daki. Fara da jingina madubi a jikin gilashi daga waje, kwana biyu ko uku, azzalumin ya yi ta faɗa da inuwarsa baƙon ya samu ya san gari. Rarraba abinci a wuri biyu lokaci ɗaya. In bai yi ba, kama azzalumin, ba wanda ake zalunta ba, ka sa shi cikin akwatin roba mai huji a cikin tankin, ko a tankin ƙasa, mako ɗaya zuwa biyu. Wani in ya dawo ya yi laushi. Wani kuwa hali zanen dutse, sai dai ka ba wani mai tanki. Nan gaba, duk sabon kifi ka fara sa shi cikin wannan akwatin kwana biyu ko uku, su ga juna ba su taɓa juna ba, kuma masu sanyin hali su riga masu zafi shiga tanki.

Mataki na 6: dawo da dare da jar tocila

Bayan an kashe fitila da awa biyu, ɗaura jar leda a bakin tocila ka haska. Yawancin halittun nan ba sa damuwa da jan haske sosai. Za ka sha mamakin yawan jama'ar da ke tankinka. Jatan lande Lysmata wurdemanni, wanda ake saye don ya cinye Aiptasia, wata halitta mai kama da fure mai harbi da ke addabar murjani, da dare yake fitowa, mutum kan yi wata biyu yana zaton ya mutu. Jan nan mai fararen ɗigo da farar safa, Lysmata debelius, shi ma ɗan kogo ne, da rana gashin bakinsa kaɗai za ka hango.

Da dare ne kuma ake kama ɓarayin da suka shigo cikin dutse mai rai, wato dutsen teku da ke zuwa da ƙananan halittu a jikinsa, ba da saninka ba. Ƙaguwa mai gashi a ƙafa da baƙin bakin hannu tana kama kifi yana barci. Akwai wani mai kama da jatan lande da ake kira mantis, mai naushi, alamarsa ƙwanƙwasa a jere da tarin fasassun katantanwa a ƙofar wani rami. Akwai kuma tsutsar dangin Eunice. A 2009, a wani gidan nuna kifaye na garin Newquay a Ingila, sai da ma'aikata suka wargaza tankin murjani dutse bayan dutse kafin suka gano abin da ke yanka musu murjani yana raunata kifi: tsutsa ce mai tsawon fiye da mita guda. In kifi na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kowane mako ko biyu, ruwa kuma lafiya, ɓarawo kake kiwo. Yanke kan gorar roba ka juya shi ciki kamar mazurari, sa ɗan naman jatan lande, kwantar da ita kusa da ramin da dare. Ƙaguwa kuma kofin gilashi a jingine da dutse ya ishe ta, ta faɗa ba ta iya hawa. In ka gane dutsen da ɓarawon yake ciki, wannan dutsen kaɗai za ka ciro. Kuma ba a cusa yatsa a ramin da ba a san mai shi ba.

Wani lokaci ɓarawon da kuɗinka ka saye shi. Dangin kifin da ke tsugune a kan dutse yana zare ido kamar shaho, da manyan dangin ras, wato 'yan uwan su Halichoeres, abincinsu ne jatan lande a teku. Ba za su tuba don sun zo Zariya ba.

Mataki na 7: jatan lande da saɓa

Wata rana autata ta ruga ta same ni a zaure. "Baba, mai wankin nan ya mutu, ga shi can ruwa na wasa da shi." Tana nufin Lysmata amboinensis, mai jan baya da farin layi, wanda kifi ke zuwa wurinsa yana tsince musu datti da ƙwari. Na je na duba, na ce ta kawo tocila. Can ƙarƙashin wani dutse ga gashin bakinsa fari yana kaɗawa.

Jatan lande yana saɓa kamar maciji, kowane 'yan makonni, ƙarami ya fi babba yawan yi. Yakan fita daga tsohuwar rigar gaba ɗaya, har ƙafafu da gashin baki da kwanson ido, shi ya sa take kama da gawa sak. Ga yadda ake bambancewa: saɓa garau take kana ganin bayanta, ba nauyi, ruwa na juya ta, akwai tsaga a gadon baya inda kai ya haɗu da jiki, ido kuma fanko. Gawa tana da nama, takan yi fari ko ja-ja kamar dafaffe, kuma nan da nan za ka ga masu shara, su dodon koɗi da ƙaguwa, sun taru a kanta. Bayan saɓa jikinsa laushi ne, ko kifin da suke zaman lafiya zai iya yagarsa, don haka yakan ɓuya kwana ɗaya ko biyu har sabuwar riga ta yi tauri. Kyale shi. Saɓar ma ba dole ka cire ba. In kana da biyu, kada ka yi mamakin ganin koren ƙwai a cikin kowannensu, don irin wannan kowane babba namiji ne kuma mace.

Wanda ya mutu rabinsa cikin tsohuwar riga, ko sabon zuwa da ya mutu cikin kwana biyu, yawanci gishiri ne ya canza masa da sauri. In an kawo maka jatan lande, auna gishirin ledarsa tukuna, don wasu dillalai a ruwa mai ƙarancin gishiri suke ajiye kaya. Juye shi a roba, ka jawo ruwan tanki da siririn tiyo mai ƙulli yana ɗiga biyu zuwa huɗu a daƙiƙa, har gishirin ya zo daidai. Amma ka kula da ledar da ta kwana a hanya: da ka buɗe ta pH zai tashi, ammoniyar da ta taru ta koma guba. Irin wannan gara ka haɗa ruwa sabo daidai da gishiri da zafin ledar, ka mayar da shi ciki nan da nan, sannan ka yi ɗigon a natse. Kada ka zuba sinadarin aidin don wani ya ce yana taimakon saɓa, alhali ba ka da abin auna shi.

Mataki na 8: ko ciwo ne

In ka hango shi a rami, kalli marfin da ke gefen kansa. Numfashi da sauri alama ce mara kyau. Fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, tare da goga jiki a dutse, ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans ce. Wanda ya fi ta sharri Amyloodinium ocellatum, yana sa jiki ya yi kamar ƙurar hunturu ta sauka a kai, kifin na gudun haske, yana tsayawa a gaban famfo ruwa na dukansa, kuma yakan share tanki cikin 'yan kwanaki. Nan babu jira. A kwashe kifin duka zuwa tankin killacewa, can ake ba da magani. Maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe ba ya shiga tankin murjani ko da wasa: zai kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani, dutse kuma ya shanye shi ya riƙa sakinsa daga baya. Babban tankin a bar shi ba kifi ko ɗaya, masu wannan harka kwana 76 suke ƙirgawa saboda Cryptocaryon. Tabbatar da cutar sai an kankari yauƙin jiki an duba a madubin likita, kuma a nan mun yi sa'a, Jami'ar Ahmadu Bello na da tsangayar likitancin dabbobi a Samaru.

Mataki na 9: jawo shi da ciki

Kashe famfunan kaɗa ruwa minti goma. Narkar da ɗan abinci mai ƙamshi, ƙananan jatan landen nan mysis ko artemiya, ko ɗanyen jatan landen teku na wurin masu kifin ƙanƙara da ka yanka ƙanana sosai. Busasshen na miya mai hayaƙi ba ya shiga. Zuƙa a babban sirinji da ka ɗaura wa siririn tiyo, ka fesa kaɗan a ƙofar ramin, ka ja da baya. Ka fara ciyar da sauran a ɗaya gefen don su shagala. Yi haka a lokaci ɗaya kullum, ni bayan la'asar nake yi, cikin mako za ka ga ya fara jiranka. Kifin da ke cin abinci, ko a ƙofar rami ne, yana kan hanya. Kada ka yi ta zuba abinci don tausayi, ragowar ruɓewa za ta yi. Kuma kada ka manta ka kunna famfo, ni na taɓa mantawa har wayewar gari.

Mataki na 10: yaushe ake ɗaga dutse

Sau uku kawai: in cuta ta tilasta kwashe kifi, in ka tabbatar da dutsen da ɓarawo ke ciki, ko in babban kifi ya mutu a ciki ammoniya ta fara tashi. Ƙaramin kifi kamar yatsa, a tanki mai lita 200 da ya daɗe, tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da dodon koɗin Nassarius sukan share shi kafin kwana biyu, ko ƙashi ba za ka gani ba. In ka ga dodon koɗin nan sun fito daga yashi sun nufi wuri ɗaya ba ka zuba abinci ba, bi su da ido. Auna ammoniya safe da yamma kwana uku, ka tanadi ruwan canji a haɗe.

In ɗagawar ta zama dole, ɗauki hoton tankin tukuna. Sa safar hannu. Tanadi baho da ruwan tankin, fara daga dutsen sama, ka duba ramukan kowanne a cikin ruwan bahon, don kifi kan maƙale a ciki a fito da shi ba a sani ba. Kada ka motsa yashin ƙasa.

Da za ka mayar, gyara ginin gaba ɗaya. Duwatsun tushe su zauna a kan gilashin ƙasa kafin yashi, don masu haƙa kada su rushe gini a kansu. Yashi mai laushi santimita 5 ko fiye in kana da Halichoeres, 10 ko fiye da tsakuwa in mai haƙa rijiya ne. Rufe saman tanki da raga mai ido kamar milimita 6, har wurin da wayoyi ke fita. Sannan ka yawaita kogo, kowane da ƙofa biyu, su fi kifin yawa, wasu kuma su fuskanci gaba inda kake zama. Ɗan yayata ya yi gardama a kan wannan, ya ce, "Kawu, in na ƙara musu ramuka ai ba zan sake ganinsu ba." Na ce ya gwada wata guda. Yanzu mai jan wutsiyar nan da a da sai da tocila ake ganinsa, a tsakiyar ruwa yake wuni yana kaɗa tsinkensa, ɗan taƙi kaɗan daga ƙofar raminsa.